Kala Huɗu a Bango Ɗaya

"Matso da su bakin ƙofa," in ji matarsa. "A inuwar nan ko ni ba zan gane komai ba."

Mikiya ya matsa inda hasken safiya ya faɗo a kan siminti, ya miƙa mata kwalayen. Guda huɗu ne, kowanne bai fi tafin hannu ba, kowanne ya sha fenti shafi biyu ya bushe. Ita tela ce, idonta ya saba da zaɓen zare. Ta zare allurar da ke bakinta ta soke a gefen ɗankwali, ta ɗauki kwali na farko ta karkata shi dama, ta karkata shi hagu.

"Wannan ya ja wajen ruwan hoda. Kaɗan dai, kamar an wanke farar riga tare da jan zani."

Ya karɓa ya shafa gefensa da babban yatsa. Yanka ɗaya. "Haka ne. Ci gaba."

"Wannan toka ce zalla, sanyi gare ta. Wannan kuma madara-madara. Na ƙarshen nan kuwa..." Ta ɗauke kai ta dubi keken ɗinkinta, ta sake dawo da ido. "Akwai kore a ciki, amma ya ɓuya. Sai mutum ya ɗauke ido ya dawo yake kama shi."

"Shi nake so mai gidan ta zaɓa."

"To ka gaya mata mana. Ai bakin lafiyarsa ƙalau, ido ne kawai ya gaza."

"Ke dai ba ki iya fatan alheri da safe ba."

"Fatan alherina shi ne ka je asibiti."

Ya yi kamar bai ji ba, ya zuba kwalayen a aljihun gaba.

Shekara talatin da ɗaya ke nan yana aikin fenti. Sunan Mikiya wani tsohon magini ne ya laƙaba masa, ranar da ya tsaya tun daga bakin titi ya ce bangon hagu da na dama ba daga bokiti ɗaya suka fito ba. Aka yi ta gardama, aka je aka bincika, aka tarar haka ne. Tun daga ranar sunan ya bi shi, har 'ya'yansa in an tambaye su sai su ce su 'ya'yan Mikiya ne. To yau shekara biyu ke nan da yanar ido ta kama shi, hagu ta fara, dama ta bi. Likita ya ce aikin minti ashirin ne, ba wani abin tashin hankali ba. Shi kuwa da ya ji za a kai wuƙa kusa da ƙwayar idonsa, sai ya ce zai dawo da zarar ya gama aikin da ke hannunsa. Aiki goma sha ɗaya ya gama tun daga lokacin.

Ba wai ba ya gani ba ne. Yana shiga mota, yana gane fuska, ja har yanzu ja ne, shuɗi shuɗi ne. Da a zamanin da ya fara sana'a ne, lokacin da mai gida zai ce a yi masa falo kore shar, ɗakin kwana shuɗi, da ba wanda zai taɓa sani. Amma masu gidajen yanzu, Allah ya shirye su, sun daina son kala mai magana. Kowa sai ya zo da hoto a waya, ya ce yana son fari amma ba fari ba, toka amma ba toka ba, wani abu dai mai sanyi wanda ba ya hayaniya. Irin waɗannan kuwa duk ɗaya suke a idon Mikiya yanzu, duk ruwan wanke-wanke.

Hannu ne ya rufa masa asiri. Tun yana saurayi da awo yake haɗa kala, da murfin kwalba: baƙi murfi kaza, rawaya murfi kaza a bokiti guda na fari. Duk awon yana cikin kansa, bai taɓa rubutawa ba. Saboda haka ya san abin da ke cikin kowane gwangwani, tunda shi ya zuba. Abin da ya gagare shi shi ne ya dubi busasshen bango ya ce wannan ne kaza. Sai ya ɓullo da dabara. Ya haɗa, ya shafa a kwali, matarsa ta duba ta tabbatar, ya yi yanka a gefen kwalin da murfin gwangwanin, a bango kuma a jera samfurin bi da bi, ɗaya zuwa huɗu daga wajen ƙofa. In mai gida ya zo, Mikiya ya tsaya gaban bango ya zuba bayani kamar mai gani. Ya sani sarai, ranar da Injiniyan da ke ba su aiki ya gano, ranar sana'ar ta ƙare. Wa zai danƙa gidansa ga mai fentin da ba ya bambance kala?

Mutum biyu ne kaɗai suka san zancen, matarsa da Dogo.

Shekara ashirin da shida suna aiki tare da Dogo. Dogo ne mai silin da duk inda tsani ya gaza, Mikiya ne mai haɗi da magana da masu gida. 'Ya'yan Mikiya Baffa suke ce masa. Ranar da Dogo ya faɗo daga kan katako ya karye a cinya, Mikiya ne ya goya shi ya sauko da shi hawa uku, yana haki yana zaginsa saboda nauyi. Bara ne, suna zaune a kan kifaffun bokitai suna cin abincin rana, Mikiya ya buɗe masa cikinsa. Dogo ya ajiye cokali ya ce, "Shi ne kake ta ɓoyewa? Haba ɗan'uwa! Ai idona naka ne. In ka sake ɗaga maganar nan ma raina zai ɓaci."

Yana ɗaura takalmi wayarsa ta yi ƙara. Dogon ne.

"Ka fito kuwa? Hajiya mai ginin ƙarfe goma ta ce. Kada ka makara."

"Yanzu zan fito. Ka shafa samfurin jiya?"

"Na shafa. Sun bushe."

"Ɗaya zuwa huɗu daga ƙofa?"

Aka ɗan yi shiru. Mikiya ya ɗauka layin ne. "Kamar kullum," in ji Dogo.

Jiya da yamma Mikiya ya bar wurin aikin da wuri don ya leƙa kasuwa ya sayo rola. Dogo ne ma ya matsa masa ya tafi, ya ce murabba'i huɗu a bango ai ba sai mutum biyu ba.

A cikin bas an matse shi tsakanin wata mai kwandon kaya da taga, amma bai damu ba. Hannunsa na cikin aljihu yana shafa yankan kwalayen, yana maimaitawa a ransa: hoda, toka, madara, kore. Har ya tsara inda zai yi shiru ya ɗan ƙanƙance ido, don masu gida suna son su ga kamar ana wahala a kan bangonsu.

Ginin hawa uku ne, gida shida, an gama filasta an sa tayil. A ƙasa, cikin garejin, farin fenti bokiti arba'in ne a jibge, Injiniya ya riga ya sayo, sai jiran kala. Aikin wata uku ne cur in aka samu. Mikiya ya gaisa da mai tayil da mai haɗa wayar wuta a matakala, ya haye hawa na biyu.

Ya tarar har sun iso. Injiniya na tsaye da farar hularsa ta kwano, mutum ne mai ƙa'ida, shekara bakwai duk aikin da su Mikiya suka yi daga hannunsa ya fito. Kullum in sun haɗu sai ya ce, "Mikiya, yau me ka hango?" Yau bai ce ba, hannu kawai ya ba shi. Hajiya mai ginin na zaune a kan kujerar roba da aka share mata. Shugabar makaranta ce ta yi ritaya, kuma har yanzu in ta dubi mutum ta saman gilashinta sai ya ji kamar bai yi aikin gida ba. Dogo na can tsugune a lungu yana kankare tayil da wuƙar fenti. Ya ɗago ya ce, "Ka iso," ya mayar da kai.

"Malam, ni fa kwana uku ke nan kalolin nan na hana ni sukuni," in ji Hajiya. "'Yata ta turo mini hotuna ya fi ashirin, kowanne da sunansa na ƙasar waje, ni duk iri ɗaya nake gani. An ce kai ne mai idon. Wannan falon ni zan zauna a ciki, abin da aka zaɓa nan shi za a yi wa duk ginin."

"Kin kawo kuka inda ya dace, Hajiya," in ji Mikiya.

Ya tsaya gaban bangon. Murabba'i huɗu, a jere daga ƙofa zuwa taga, kowanne kamar faɗin faranti babba. A idonsa tabo huɗu ne kawai masu duhu kaɗan fiye da filasta. Ya goya hannu a baya, ya ƙanƙance ido, ya nuna na kusa da ƙofa.

"Wannan na farko, akwai ruwan hoda a cikinsa. Da safe zai yi miki kyau, zai yi ɗumi. Amma ban ba ki shawara ba, zan gaya miki dalili."

Hajiya ta tashi ta matso. Ta cire gilashin, ta goge da gefen mayafi, ta mayar. "Wannan ne mai hodar?"

"Shi ne, Hajiya. Irin waɗannan sai ido ya saba." Har da 'yar dariyarsa ya faɗa, ta mai haƙuri da wanda bai sani ba.

Ta ce, "To."

Ya wuce na biyu ya ce toka ce zalla, ta ofis ce da asibiti, in aka yi wa falo ita baƙo ba ya daɗewa. Ya wuce na uku ya ce madara ce, ba ta da laifi, sai dai tayil ɗin nan nata yana da rawaya a ciki, in suka haɗu falon zai yi kamar ya tsufa tun ba a shiga ba. Bakinsa ya saki, maganar na zuwa da kanta kamar yadda ta saba. Bai lura ba cewa ƙarar wuƙar Dogo ta tsaya, mai tayil da mai wuta kuma sun hauro sun tsaya a bakin ƙofa.

"Yanzu ki leƙa tagar nan, Hajiya. Kin ga katangar maƙwabcinki? Jan bulo ce. Daga la'asar rana za ta doke ta, ta watso ja cikin falon nan har magariba. In kika sa mai hoda, ja ya hau kan ja, sai ki ga falonki ya koma kamar ɗakin jarirai. Abin da ke kashe ja shi ne kore. Ba kore mai ihu ba, ɗan kaɗan wanda ya ɓuya cikin toka." Ya taka zuwa na kusa da taga, ya ɗora tafin hannunsa a kai kamar mai dafa kafaɗar ɗansa. "Wannan. Da gidana ne, shi zan yi."

Daga ƙasa ana jin wani yana jan bokiti a kan siminti.

"Malam," in ji Hajiya a hankali, "ko dai gilashina ne? Ni wannan da ka dafa, ja-ja nake ganinsa."

Mikiya ya dubi inda ya dafa. Bai cire hannun ba, don bai san inda zai kai shi ba.

Injiniya ya sa hannu a aljihu ya fito da wata takarda, yagen buhun siminti ce an rubuta da fensirin kafinta. Ko bai ga rubutun ba Mikiya ya san mai irin wannan takarda, shekara ashirin da shida yana ganin ana lissafa masa kayan aiki a kanta. Injiniya ya karanta ba tare da ya ɗaga murya ba.

"Na kusa da ƙofa, mai kore. Na biyu, madara. Na uku, toka. Na kusa da taga, mai hoda." Ya ninke takardar. "Ko ɗaya ba ka samu ba, Mikiya. Ashe dai gaskiyar Dogo."

Mikiya ya juya ya dubi lungun. Dogo na tsugune, wuƙa a hannu, ya ƙura wa tayil ido kamar an ce masa zinariya ta faɗi a wurin. Wallahi da mari aka kwaɗa wa Mikiya a gaban mutanen nan da ya fi masa sauƙi. Ya ji kunya ta lulluɓe shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa, ya tuna 'yar dariyar da ya yi wa Hajiya ɗazu, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma ba kunyar ce ta fi ci masa rai ba. Muryar nan ce ta safe, "kada ka makara."

"Ba na so in zalunce ka," in ji Injiniya. "Ko kuskuren jeri ne? In an juya maka su, za ka iya nuna mini?"

Zai iya cewa hasken ne. Zai iya cewa ya kwana da ciwon kai. Ya buɗe baki, sai ya ji ya gaji, gajiyar shekara biyu.

"Ba na gani, Injiniya," ya ce. "Irin waɗannan ba na ganinsu. Yanar ido ce."

Mai tayil ya ce, "Subhanallahi," ya ja mai wuta suka sauka. Mikiya ya san kafin azahar labarin zai kai kasuwar kayan gini, kafin la'asar duk wanda ya taɓa riƙe burushi a garin ya ji.

"Da ka gaya mini da bakinka," in ji Injiniya. "Barandar ofishin nan da kuka yi watan jiya, kala biyu na gani a bango ɗaya. Ni ma da mutane nake aiki, suna ne jarina. Ka je a yi maka aikin idon. Wannan ginin Dogo zai riƙe. In ka warke, sai mu gani."

Mikiya ya san ma'anar "sai mu gani." Shi ma ya sha faɗa wa mutane.

Hajiya ta koma kan kujerarta, duk jikinta ya yi sanyi. "Allah ya ba ka lafiya, Malam. Ban san abin da aka shirya ke nan ba, da ban zauna ba." Ta watsa wa Injiniya wani kallo ta saman gilashi, sannan ta juya wajen lungu. "To kai da aka ba aikin, tashi mana. Wanne ka ce?"

Dogo ya miƙe, kansa ya kusa taɓa silin. Ya dubi bangon, ya sosa ƙeya. "Duk suna da kyau, Hajiya."

"Ai na san duk suna da kyau, shi ya sa na kasa zaɓa. Dalili nake nema."

"To... duk wanda ranki ya kwanta da shi."

Ta yi tsaki ƙasa-ƙasa. Ta tashi ta leƙa tagar, ta daɗe tana kallon jar katangar. "Maganar bawan Allahn nan ta shige ni," ta ce. "Wanda yake nufi, mai ɗan koren, shi nake so. Na kusa da ƙofa ko? To shi za a yi, duk ginin."

Mikiya bai tsaya jin sauran ba. Ya juya ya sauka. A gareji ya buɗe akwatin kayan aikinsu, ya tsaya yana kallo. Wanne ne nasa, wanne ne na Dogo? Ba su taɓa rabawa ba. Ya ɗauki ƙaramin burushinsa na yanka layi, wanda mariƙinsa ya lotsa daidai yatsunsa, da rigar aikinsa, ya cusa a leda. Sababbin rola biyun da ya sayo jiya ya bar su a nan.

Ya kai bakin titi, wajen da bas ke tsayawa, sai ya ji takun da ya sani a bayansa, mai ɗan ɗingishi a ƙafar dama.

"Ɗan'uwa, tsaya ka ji."

"Ina ji."

"Wallahi ba yadda kake zato ba ne." Dogo na haki. "Barandar nan, ka san wa ya koma ranar hutu ya sake shafe ta shi kaɗai? Ni ne. Ban gaya maka ba don kada ranka ya ɓaci. Amma ya riga ya gani. Ya kira ni ya ce ko in faɗa masa gaskiya ko ya sallame mu gaba ɗaya. Baki bakwai ne a gidana, Mikiya. Sau nawa na ce ka je asibiti? Sau nawa?"

"Ka faɗa."

"To?"

"Ban ce ka yi masa ƙarya ba, Dogo. Da ka zo ka ce mini, ɗan'uwa, asiri ya tonu, na faɗa masa, da zan ji zafi kwana biyu in haƙura. Da na je na same shi da ƙafata, mu biyu a ofis, ƙofa a rufe."

"Cewa ya yi bai yarda ba. Wai ƙila hassada ce, ina son in ƙwace maka wuri. Ya ce sai ya gani da idonsa."

"Sai ka kawo ni ya gani."

Dogo ya kau da kai.

"Jiya ka ce in tafi kasuwa. Ka tsaya kai kaɗai ka karanta yankan da na yi a murfi, ka juya su ɗaya bayan ɗaya, ka nemi takarda ka rubuta. Ka koma gida ka ci abinci ka yi barci. Da safe ka ɗauki waya ka ce kada in makara." Mikiya ya tsare shi da ido. "Na tambaye ka, Dogo. Da bakina na tambaye ka, ka ce kamar kullum. Kalma ɗaya ta ishe ni. Ka ce kada ka zo yau. Ka tsaya kana kankare tayil ina yi wa tsohuwar mutane dariya wai idonta bai saba ba."

"Na kasa ne. Wallahi na so in faɗa, bakina ya yi nauyi."

"Hannun dai bai yi nauyi ba."

Wata bas ta zo cike, ta wuce ba ta tsaya ba. Suka tsaya gefe da gefe suna kallon titi kamar baƙi biyu. Dogo ya goge fuska da hularsa, ya gyara tsayuwa, ya sake gyarawa. Mikiya ya san shi kamar yunwar cikinsa, ya san akwai sauran magana, kuma ba ban haƙuri ba ce.

"Faɗi," ya ce.

"Injiniya ya ce gobe a fara." Dogo bai dube shi ba. "Samfurin ya ƙare a gwangwani. Mai koren nan... ban san awonsa ba."

Mikiya ya yi dariya, wata irin dariya da ta sa wata mata da ke jiran mota ta matsa gefe. Kai, duniya! Bokiti arba'in na fari, ga ido biyu garau, amma ba a san me za a zuba ba. Kuma ba kala ce da za a lalubo da ido ba. Kala huɗu ce a cikinta, tana jiƙe daban, ta bushe daban, a ɗan murabba'i daban, a cikakken bango daban. In aka kuskure rabin murfi, ba za a gane ba sai an gama falo rana ta doki katangar nan, a ga bango ya yi kore kamar ruwan kududdufi ko ya mutu ya koma toka.

Ya san abin da zai iya yi, kuma ransa ya raya masa. Murfi ɗaya kawai zai ƙara. Ya tsaya yana jin daɗin tunanin har cikin haƙoransa. Sai ya tuna tsohuwar nan a kan kujerar roba, da falon da za ta zauna a ciki sauran kwanakinta. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa ɓata ɗakin wani da gangan ba, kuma Dogo bai kai ya sa shi farawa ba.

"Rubuta," ya ce.

Dogo ya zaro fensir daga bayan kunne, ya laluba aljihu bai sami takarda ba, ya buɗe tafin hannunsa.

"A kowane bokiti, baƙi murfi uku. Rawaya biyar. Kore ɗaya da rabi. Ja rabi. Ka fara zuba baƙin, ka juya sosai kafin sauran."

Dogo ya rubuta, yana motsa leɓe. Ya gama ya tsaya yana kallon hannun. Ya ɗago ya dubi Mikiya, ya sake duban hannun.

"Ja kuma? A cikin mai kore?"

"Rabi."

"Ai ka ce ja ake so a kashe."

"Na ce."

"Koren kuma ɗaya da rabi ka ce? Kamar na taɓa ganin kana sa biyu."

"Ɗaya da rabi."

Dogo ya lashi leɓe. Ya nemi wani abu a fuskar Mikiya, bai samu ba. Awon daidai yake, ko ɗigo babu ƙari babu ragi, jan nan shi ke hana koren tashi. A da in Mikiya ya ce murfi uku, Dogo zuba uku yake yi yana waƙa.

"Ɗan'uwa," ya ce, muryar ta yi ƙasa. "Tsakaninka da Allah, haka yake?"

Bas ta tsaya, kwandasta na buga ƙofa. Mikiya ya gyara riƙon ledarsa.

"Tambayata ka yi, na ba ka amsa," ya ce. "Ni ma haka na tambaye ka da safe."

Ya hau, ya sami wuri kusa da taga. Da motar ta ja ya waiwaya sau ɗaya. Dogo na nan tsaye a rana inda ya bar shi, hannu a buɗe, bai rufe ba don kada gumi ya goge, yana ta kallon lambobin.